Hattara da mai tallan zanen "Kakurin da" a Facebook

Jama'a, musamman waɗanda iyayensu suka yi aiki a masaƙun Kaduna, akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan Facebook da WhatsApp na tsofaffin 'yan Kakuri da Makera yana tallan zane-zane. Cewa yake shi mai zane ne, ɗan tsohon ma'aikacin masaƙa, kuma yana zana ƙuruciyarmu da hannunsa: yara na gara taya a bakin layin dogo, yarinya ɗauke da kwanon samira za ta kai wa babanta abinci ƙofar kamfani, ma'aikata a kan kekuna sun yi dafifi bayan an busa jiniyar tashi. Kada wanda ya tura masa ko sisi. Ƙanwar mahaifiyata ta biya kafin alƙalami naira 25,000 tun kafin azumi, har yau ko firam ba ta gani ba, kuma ya toshe lambarta.

Ya san inda zai taɓa mutum. Wanda ya tashi a unguwannin nan lokacin da masaƙun Kaduna Textiles (KTL), wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, da Arewa Textiles da UNTL da Nortex suke aiki dare da rana, in ya ga irin hoton nan sai zuciyarsa ta karye kafin ya tsaya dubawa. To ku tsaya ku duba. Ku buɗe hoton ku ƙara girmansa. Gidajen da ke bayan yaran na jan bulo ne a jere, manne da juna, kowanne da bututun hayaƙi a kan rufinsa. Wane gida ne a Kakuri yake da murhun ɗumama ɗaki har da bututu? Wannan fasalin garuruwan masaƙu ne na arewacin Ingila, irin su Salford da ke kusa da Mancesta, waɗanda L. S. Lowry, mai zanen da ya rasu a 1976, ya yi suna da zana su. Mutumin nan ya ɗauki irin wannan yanayi ya ba manhajar ƙirƙirar hoto, ta baƙanta fatar yaran, ta ɗora musu hula. A ɗaya daga ciki yaron da ke riƙe da kara yatsunsa shida ne, rubutun allon ƙofar kamfanin kuma ba boko ba ne, ba ajami ba. Abin dariya, da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead aka haɗa gwiwa wajen kafa KTL, amma injuna suka kawo mana, ba su kawo gidajensu ba.

Asarar dubu ashirin da biyar da sauƙi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne mataki na biyu. Idan ka nuna sha'awa, sai ya ce zai saka fuskar mahaifinka cikin ma'aikatan kyauta, ka turo hotonsa da tsohon katin shaidar aikinsa, da sashen da ya yi aiki, ko na kaɗi ko na saƙa ko na rini, da lambar wayar mahaifiyarku "don a yi mata albishir". Bayan 'yan makonni sai wani daban ya kira tsohuwa. Zai gaishe ta da ladabi, "Mama, ina wuni, ya haƙuri," ya ambaci sunan marigayi da lambar katinsa daidai, ya ce an fara tantance waɗanda za a biya haƙƙoƙinsu na sallama, sunan Baba ya fito, saura kuɗin fom da na lauya.

Duk wanda ya san Kakuri ya san nauyin wannan magana. Tun da KTL ta tsaya a 2002 ma'aikatanta da iyalansu suke bin haƙƙinsu, da yawa sun rasu suna jira. Matar da ta shekara fiye da ashirin tana sauraron wannan kira, kuma ta ji baƙo ya karanto mata lambar katin mijinta ba kuskure, ta yaya za ta yi zargi? Wata maƙwabciyarmu sai da ta sayar da tunkiyarta. Wallahi wannan ya wuce damfara, zalunci ne a kan marayu da zawarawa.

Sauran alamominsa kaɗan ne. Sunan asusun da yake bayarwa daban da na shafinsa. Ba ya yarda a zo a gani da ido, kullum ya tafi baje koli Abuja. In ka ce ya ɗauki bidiyo yana riƙe da zanen da burushi a hannu, sai ya ce network.

Idan ka riga ka tura kati, ka kira mutanen gida yau ka faɗa musu kada su biya kowa kuɗin fom ta waya. Duk maganar haƙƙi a je ofishin ƙungiyar ma'aikatan masaƙa da ƙafa a tambaya. Wanda ya tura kuɗi ya adana rasit da hoton hirarsu, ya kai wa bankinsa da 'yan sanda ko EFCC. 'Yan Kano ku ma ku lura, don hotunan nan dai su ne na gani a wani sabon shafi, an sauya musu suna zuwa "Bompai da Sharaɗa a da".