Wata takwas da Corolla sabuwa dal

Duk motocin da na taɓa riƙewa 'yan Kwatano ne, wani ya riga ya sha wahalar horar da injinsu. Wannan Toyota Corolla ita ce ta farko da na cire wa leda da hannuna, shi ya sa na zauna na karanta littafinta, abin da ban taɓa yi ba.

Littafin ya ce a kilomita 300 na farko kada a riƙa taka birki da ƙarfi. Har zuwa kilomita 1,000 kuma ban da gudun wuce sa'a, ban da figar totur, ban da daɗewa a kan gudu ɗaya. Na ƙarshen nan ne ya ba ni wuya. Ranar da na kai ta Zariya daga Kano, titi fetal, ina ta sauka daga 90 zuwa 70 ina komawa, masu Sharon suna danna mini hon. Maiɗakina ta ce: "Baban Amira, lafiya kuwa?" Na ce ringin fistin ne ke neman zama daidai a silinda, haƙuri yake so. Ta ce to Allah ya zaunar da shi.

Rigimar gaske da bakanikena muka yi ta. Wai zafin Kano sai baƙin mai mai kauri, 20W-50. Murfin wurin zuba man kuwa 0W-20, wato marar kauri, aka rubuta a kansa, shi na saya, ya zuba yana ƙunƙuni. Na kuma hana shi ƙara ruwan famfo a lagireto, nata ruwan mai launin hoda take sha.

Kuskure ɗaya nawa ne. Na bar mai faci ya cika tayoyin da iska da ka, sai motar ta riƙa tsalle a kan kowane tudun rage gudu kamar akuya. Ashe adadin iskar na manne a jikin ƙofar direba.

Shan manta bai dame ni ba, ko da tsadar da fetur ya yi tun cire tallafi a 2023. Injin shiru, sanyin ciki kuwa ko a watan Afrilu ba ya gazawa. Sai dai da hunturu ya shigo na buɗe filtar iska, na tarar ta yi ja wur da ƙura tun lokacin canjinta bai yi ba. Yanzu duk sati biyu nake duba ta.