Gwajin bayanin kayan aikin AI: manhajar maki ko tambayoyin manoma?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi yadda za ka gwada ko bayanin da ka rubuta wa kayan aikin AI ɗinka ya yi daidai, wato ƙananan manhajojin da AI ke kira su yi masa wani aiki, kamar duba farashi. Tsakanin manhajar da ke duba bayanin kayan aiki ta ba shi maki, da kuma ka zauna ka gwada da tambayoyin mutanenka na gaske, ɗauki na biyun kawai. Duka biyun sun bi ta hannunmu a shagon ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a nan Auyo.

Wakilin AI, wato AI ɗin da ke amsa tambayoyin mutane yana kiran kayan aikin, ba ya leƙa cikin manhajarka. Abu uku ake miƙa masa game da kowane kayan aiki: sunansa, bayanin da ka rubuta, da guraben da zai cike. Haka yake a tsarin kiran kayan aiki da kamfanin OpenAI ya fito da shi a 2023, haka yake a MCP, ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwambar 2024. Da waɗannan 'yan layuka yake yanke shawarar wanda zai kira da abin da zai tura masa.

Mu abin da ya fisshe mu shi ne wani jadawali da ɗan ƙanwata ya yi, wanda ke mana aikin kwamfuta. Ya bi tsofaffin saƙonnin da manoma suka turo a WhatsApp, ya kwafe su yadda suke, da kuskuren rubutunsu da doguwar gaisuwarsu, gaban kowanne ya rubuta kayan aikin da ya kamata a kira. Sannan ya riƙa zuba wa wakilin yana kallon abin da ya zaɓa. Nan asiri ya tonu. Cikin kayan aikin namu muna da mai duba farashi, muna da mai duba abin da ya rage a sito, kuma bayaninsu kusan ɗaya ne: "yana kawo bayani a kan kaya". Manomi ya tambaya ko akwai yuriya, sai a karanto masa farashi, alhali ko buhu ɗaya babu a ƙasa. Wanda ya fi ba mu dariya shi ne na wani dattijo daga Kafin Hausa da ya tambayi kuɗin tiyar irin shinkafa, aka ba shi kuɗin buhu. Ya bugo waya yana salati, wai ko yaƙi aka fara bai ji ba.

Gyaran bai taɓa manhajar ba ko kaɗan, rubutu kawai aka sauya. Aka rubuta wa na farashi cewa kuɗin buhu yake bayarwa, a shagonmu buhu tiya 40 ne, kuma kada a kira shi in tambayar ta akwai ko babu ce. Na sito ma aka faɗa masa iyakarsa. Wannan "kada a kira shi idan kaza" ya fi komai aiki, kuma shi aka fi mantawa. Da aka sake zuba tambayoyin, sai ga shi yana ɗaukar na daidai, har mai gaisuwa kawai yana amsa masa gaisuwarsa ba tare da ya je bincike a sito ba.

Ita kuwa manhajar makin, kuɗi muka biya ta yaba wa wancan bayanin da ya rikita dattijon. Tana nuna gurbin da aka bari babu bayani, iyakarta ke nan.

Za ka ji ana ambaton jadawalin Jami'ar Berkeley ta Amurka da ke jera AI bisa iya kiran kayan aiki. Yana taimakawa wajen zaɓen wanda za ka ɗora aikinka a kai, amma bai san tiya ba, bai san yadda manomin Hadejiya ke tambayar taki ba.

Tara tambaya 30 zuwa 50. Ka sa masu sauƙi, ka sa waɗanda kayan aiki biyu za su iya rikicewa a kansu, ka sa waɗanda ba sa buƙatar ko ɗaya. Kowace ka maimaita ta, don yakan dace yau gobe ya kauce. Abu biyu za ka duba: ya kira wanda ya dace? Ya cike guraben daidai?

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da samarin da ke zuwa daga birni da laftof suna nuna "wakili mai jin Hausa". Tambayoyin da suke gwadawa a gabanka sun riga sun shirya su tun daga gida. Ba a sayen bijimi a kasuwar Maigatari da bakin dillali, sai an ja shi ya taka an gani. Karɓi wayar ka rubuta naka tambayoyin, ka ce su buɗe maka rajistar da ke nuna kayan aikin da aka kira da abin da aka tura. Wanda ya fara kame-kame, sallame shi. Asusun manhajar kuma a buɗe shi da sunan ƙungiyarku, mabuɗinsa a hannunku, kuma kada ka biya kuɗin shekara gaba ɗaya.

Duk ranar da ka taɓa bayanin kayan aiki ɗaya, sake zuba tambayoyin dukansu, domin gyaran wannan yakan janye tambayoyin wancan. In kana son samfurin jadawalin namu, yi min magana ta gefe in sa yaron ya turo maka.