Sharhina akan takalmin gudun da na ci hunturun bana dashi a Zariya

Jama'a da yawa sun tambayeni akan takalmin nan mai ruwan lemo da suke ganina dashi da asuba a hanyar Kwangila, wasu suna so su saya, wasu kuma nasan tsokana ce kawai, toh bari in faɗi abinda na gani tunda yanzu wata uku kenan ina takashi kuma wayata ta ƙirga mun kilomita 540 a kanshi.

Da farko dai shekarata 61, kuma ni ba ɗan wasa bane, ko a makaranta ban taɓa shiga tsere ba. Hausawa sunce in kaga ƙi gudu sa gudu ne bai zo ba, toh ni sa gudun nawa takardar awon jini ce, shekara huɗu da suka wuce likita ya kalleni yace Baba jininka ya hau suga kuma tana bakin ƙofa, ko ka motsa jiki ko ka fara haɗiyar ƙwaya safe da yamma. Da tafiya na fara daga gida nan Tudun Wada zuwa Agoro in dawo, daga baya na koma sassarfa, yau gashi wai ni ne nake shirin gudun fanfalaki na Legas, kilomita 42 da mita 195 cif. Tun 2016 ake yinshi kuma yawanci a watan Fabrairu, wanda hakan ke nufin duk mai shirin zuwa daga arewa dole wahalar atisayenshi ta faɗo tsakiyar hunturu, Nuwamba Disamba Janairu, ba yadda zakayi.

Takalmin a wani shago na saya a Sabon Gari, sabo ne a kwali ba gwanjo ba, ba zan kira sunan kamfani ko shagon ba saboda ba talla nake ba kuma akwai inda zan kushe. Irin mai kaurin soso ɗin nan ne a ƙasa, samanshi kuma yadi ne mai ƙananan huji kamar raga. Kuɗinshi kam ya ci rabin fanshona na wata, Hajiya da taji farashin sai da ta aje ludayi tace Alhaji takalmi ne ko taya ka sayo wa mota. Yaron shagon yayi mun kirki ɗaya da har yanzu nake sa mishi albarka, ni lamba 43 nake sawa duk rayuwata, yace a'a Baba ɗauki 44, ƙafa tana kumbura in anyi nisa, ya sa na tsaya ya danna babban yatsanshi a gaban takalmin yace in ba'a samu wurin yatsa ɗaya tsakanin ƙafarka da bakin takalmin ba to farcenka zai biya. Naso inyi gardama don na ga kamar jirgin ruwa na saka. Ashe gaskiyarshi, tsohon kambas ɗina da yake daidai ƙafata shi ya maida mun farcen babban yatsa baƙi ƙirin bara har ya cire, wannan kuwa har yau ko bororo ɗaya bai mun ba.

Abinda yasa na ce kuɗina bai tafi a banza ba gwiwa ce. Duk wanda ya haura sittin yasan yadda gwiwa take da ɗari, tun kafin ka sauko daga gado tana gaisheka. Da can in nayi kilomita 12 akan kwalta, ranar a zaune nake sallar azahar, ruku'u ma sai na dafa bango. Da wannan takalmin nayi 26 ranar wata Asabar, daga gida na bi ta PZ na haura Kwangila na wuce Palladan na miƙa hanyar Samaru sannan na juyo, na dawo a gajiye likis amma gwiwa lafiya lau, la'asar a tsaye nayi ta a masallaci. Soson yana shanye dukan da kwalta take yiwa ƙafa, kuma dunduniyarshi tana da faɗi bata gurɗewa in ka sauka gefen titi, wanda a Zariya dole ka sauka, in tirela ta taho daga hanyar Funtuwa ba wanda zai ce maka matsa.

Amma fa wanda ya ƙera takalmin nan bai san hunturu ba, wallahi bai sani ba. Ragar nan ta sama anyita ne don iska ta shiga ƙafa ta sha, to a nan abinda ke shiga ƙura ce. Ƙurar hunturu ba irin turɓayar unguwa bace, laushi gareta kamar garin alkama, iskar arewa maso gabas ce ke kwasota tun daga Sahara, mai yawa daga cikinta ma daga wani busasshen kwari ne a ƙasar Chadi da ake kira Bodele, tayi duk wannan tafiyar don kawai tazo ta kwanta tsakanin yatsuna. In na cire safa bayan gudu sai kaga ƙafar kamar wanda ya kwana a injin niƙa. Ranar da nabi ta Ƙofar Doka na wuce Ɗan Magaji zuwa Wusasa na shiga burjin nan na gindin dutsen Kufena, ruwan lemon takalmin ya koma kalar tukunyar ƙasa, jikata da ta ganni a ƙofar gida tace kai tsoho wannan ai sai dai a sake maka wanka da soso, nace amarya in kin gaji dani ki faɗa kawai. Kuma ba ƙura kaɗai ba, sanyin ma ta nan yake shiga. Akwai safiyoyin da waya ke nuna digiri 13 ko 14, in ka iso gadar Kubanni inda sanyin ruwa ke tasowa sai kaji yatsun ƙafarka kamar ba naka ba, sai anyi wajen kilomita uku kafin su dawo hayyacinsu. Na gwada safa biyu sai takalmin ya matse, daga ƙarshe safa ɗaya mai ɗan kauri na tsaya a kai, kuma ba ta auduga zalla ba don ita in ta jiƙe da gumi bata bushewa.

Wani abu kuma, da sanyin asuba soson yana yin tauri, mintoci goman farko sai inji kamar katako na ɗaura, daga baya yake saki. Na faɗawa abokin guduna, wani malamin makaranta mai ritaya da muke haɗuwa a PZ, yace Alhaji anya soson ne ke tauri ba ƙafafunka ba. Ƙila dai mu duka biyun ne. Yanzu a ɗaki nake kwana da takalmin bana barinshi a tsakar gida, kuma bana fara gudu kai tsaye, sai nayi tafiya mai sauri daga masallaci zuwa bakin titi tukunna jiki ya ɗau zafi. Tsoho da tsoka mai sanyi in ka fizgeta ita zata fizgeka, na taɓa yin sati biyu a zaune saboda sharaɓa ta riƙe.

Maganar faso kuwa ba laifin takalmi bane amma ta shafeshi. Hunturu na busar da fata, dunduniya ta tsage, in ka ɗora mata kilomita 50 a sati kuwa sai jini. Cikin takalmin nan ta baya akwai wani ɗinki da yake gogar daidai wurin, a sati na uku sai da na ga ja a safa. Maganin da yayi mun shine man kaɗanya da daddare in sa safa in kwanta, da safe kuma basilin a dunduniya da tsakanin yatsu da leɓe da cikin hanci kaɗan don haɓo. Ɗinkin kuma na kaiwa wani shushaina a bakin kasuwar Tudun Wada ya manna mishi ƴar fata mai laushi, naira ɗari biyar, shikenan magana ta mutu. Takalmi mai wannan tsada ace sai shushaina ya ƙarasa aikin, wannan ya ɗan ɓata mun rai gaskiya.

Akwai wani abu ƙarami a bayanshi da ban ɗauka da muhimmanci ba ranar da na saya, wani siririn layi mai ƙyalli in fitilar mota ta haskeshi. A hazon Janairu ƙarfe shida na safe mutum baya ganin abinda ke gabanshi da nisa, masu keke napep wasu ko fitila basa kunnawa, wani direban bas ya taɓa tsayawa a Kwangila yace Baba wallahi ƙafarka kawai na hango tana walƙiya. Tun ranar na ƙara da riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi akan suwaita, kuma ina gudu ne ina fuskantar motoci ba su biyo bayana ba. Kun san dattijon nan Fauja Singh ɗan Indiya da ya gama gudun fanfalaki a Toronto a 2011 yana da shekara 100, yayi sama da awa takwas a hanya amma ya gama, to ba gudu ne ya kasheshi ba, mota ce ta bugeshi yana tsallaka titi a ƙauyensu a 2025. Ina yawan tunashi in na zo tsallaka titi a ƙasan gadar Kwangila.

Ga masu tambaya yadda nake tsara satin, ba wani abu mai wuya bane, kwana biyar nake fita bayan sallar asuba, huɗu gajeru tsakanin kilomita 6 zuwa 10, Asabar doguwa, Juma'a da Lahadi hutu. Doguwar ina ƙara mata kaɗan kaɗan ne, mafi tsawo da zanyi 32 sannan in rage sati uku kafin ranar. Abinda hunturu ke yaudarar mutum dashi ƙishirwa ce, iska a bushe take gumi na fita yana bushewa nan take sai ka ɗauka baka zubar da ruwa ba, sai ka dawo gida kaga gishiri fari a goshinka da gefen hula kuma kai na sarawa. Don haka nake cusa dabino biyar a aljihu, in sayi fiya wata a hanya ko bana jin ƙishi, in na dawo kuma koko da ƙosai. Takunkumi na gwada don ƙura amma bana iya numfashi dashi in na ɗau sauri, sai dai in ja rawani siriri in rufe hanci na farkon tafiya, ranar da hazo yayi yawa sosai har rana ta koma kamar farin faranti kuwa bana fita, tari na sati ɗaya yafi asarar kwana ɗaya. Abin dariyar shine duk wannan shirin cikin sanyi da bushewa ake yinshi, Legas kuma zafi ne da gumi mai danƙo, a shekarun da na kalla a talabijin daga filin wasa na Surulere suke tashi su hau doguwar gadar Third Mainland su ƙare a Eko Atlantic, ba inuwa ko ta sisi akan gadar. A can ne nake sa ran ragar nan da nake zagi zata yi mun rana.

Wanki, kar a jiƙashi a omo a dirje da buroshi kamar kambas ɗin makaranta, na yi sau ɗaya gam ɗin gaba ya fara ɗagawa. Yanzu kakkaɓewa nake in cire shimfiɗar ciki in goge da tsumma mai ɗan ruwa in shanya a inuwa.

Abokina malam kullum sai ya tuna mun wai Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci zinare a gudun fanfalaki na gasar Olympics a Rum a 1960, awa 2 da minti 15, don haka ni ɓarnar kuɗi nayi. Nace malam Bikila shekararshi 28 lokacin kuma ba'a fasa kwalba a hanyarshi ba, kai da kake faɗa ai naga ka fara tambayar yaron shagon ko akwai lamba 42.

Masu harkar gudu suna cewa irin wannan takalmin tsakanin kilomita 500 zuwa 800 yake yi kafin soson ya mutu, nawa a 540 dunduniyar hagu ta waje ta fara cinyewa don ta nan nake taka ƙasa, soson ya fara yin ƴan layuka kamar fatar goshina amma har yanzu yana ɗauka. In za'a bani maki goma in raba zan bashi bakwai, ukun da na cire na ƙura ne da ɗinkin baya da kuma farashi. Zan sake saya? eh, amma mai duhun kala, kuma zan duba wanda ragarshi tafi matsewa. Lissafina in na ci gaba a haka zai kai wajen 750 ranar Legas, sabon takalmi kuma ba'a shiga tsere dashi, don haka ko dai in lallaɓa wannan ko in sayi na biyu cikin satin nan in fara sabawa dashi, kuma har yanzu ban samu bakin da zan faɗawa Hajiya ba.