Canza lagireto: ka yi da kanka ko ka kai wa makanike?

Ɗan'uwa, ka ce lagireton motarka yana tsiyayar ruwa ta sama, daidai inda roba ta haɗu da ƙarfe, kullum da safe sai ka ƙara ruwa, kuma kana shawarar ko ka sayo sabo ka ɗaura da kanka ko ka kai gareji. Na canza da hannuna sau biyu, sau ɗaya kuma na bar wa makanike, don haka zan auna maka su yadda na gani.

Wajen kwancewa da ɗaurawa, ba abin da makanike ya fi ka sai sauri. A yawancin ƙananan motoci abin da ke riƙe da lagireto bai wuce noti biyu zuwa huɗu a sama ba, da robobi biyu da yake zaune a kansu a ƙasa. Sai tiyon sama, tiyon ƙasa, ƙaramin tiyon da ke zuwa robar ajiyar ruwa, da fanka da wayarta. Sufana, filaya, sukudireba da kwano mai faɗi na tarar ruwa sun ishe ka. Shi zai gama cikin awa ɗaya da ɗoriya, kai ka ware rabin yini. Amma kana da abin da sau da yawa ba shi da shi, wato natsuwa. Ba wata mota da ke jiranka a layi. Za ka matsa kowane tiyo ka ji ko ya yi laushi ko ya bushe, ka sauya kilif ɗin da ya yi tsatsa, ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai don kada ka manta mazaunin kowane abu.

Inda ya yi maka nisa shi ne gano ainihin ciwon. Makanike nagari yana da ɗan famfo mai agogo da ake ɗaurawa a bakin lagireto a hura iska, inji a kashe, a zuba ido a ga inda ruwan zai ɓullo. Kai idonka kawai gare ka, shi kuwa ruwa yana bin gangare, inda ka ga jiƙa ba lallai nan ne ɓular take ba. Murfin da ya gaji, tiyon da ya tsage daga ƙasa, famfon ruwan inji da ya fara zuba, duk suna iya sa a zargi lagireto. Mafi muni shi ne gaskit ɗin kan inji, wato siririyar shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Idan ya ƙone, hayaƙin inji yana shiga hanyar ruwa ya cika ta da matsi har robar lagireto ta fashe. A nan fashewar alama ce kawai, in ka ɗaura sabo shi ma zai iya bin sahun tsohon. Duba ko kumfa na tasowa ba tsayawa a bakin lagireto, ko farin hayaƙi mai kauri na fita ta salansa bayan inji ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma fari-fari. In ka ga ɗaya daga ciki, ajiye sufana.

Haɗarin kuma a kanka yake idan kai za ka yi, kuma ina roƙonka kada ka raina shi. Murfin lagireto yana riƙe matsi kusan bar ɗaya (bar ma'aunin matsi ne), wannan ne ke sa ruwan ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. In an gauraya shi da maganin sanyaya inji rabi da rabi yakan haura 120. Da ka buɗe murfin da zafi, matsin ya tafi, ruwan ya tafasa nan take ya yi tsartuwa zuwa fuska da hannu. Ka bar motar ta kwana, ka yi aikin da safe. Ka cire wayar batir ta baƙi, domin fankar lantarki a wasu motoci tana tashi ko makulli ba ya jiki. Tsohon ruwan kuma ka tare shi ka rufe. Yawancinsa guba ne mai zaƙi da ke lalata ƙoda, yara da dabbobi na iya lasa.

Ba ka faɗa mana ko motar otomatik ce ba, kuma wannan yana canza lissafi. A yawancin masu otomatik akwai ƙananan bututu biyu da ke kai man giya cikin lagireto ya huce. Kwance su ba wuya, amma in ka mayar da su a karkace zare ya lalace, ko ka bar su sako-sako, mai zai tsiyaye a hanya, giyar kuma ta fi lagireton tsada nesa ba kusa ba. Haka kwandensar esi (na'urar sanyaya cikin mota) da ke gaban lagireto: kwance notinta kawai ka jingine ta, kada ka buɗe bututunta. Motar da sai an cire bamba da fitilu kafin a kai ga lagireto, ni dai gareji zan kai ta.

Sauran aikin yana bayan ɗaurawa, kuma a nan na taɓa cin tuntuɓe. Na ɗaura, na cika, na rufe, na hau titi da murna, ban yi nisa ba allurar zafi ta miƙe. Iska ce ta maƙale a ciki. Cika a hankali, buɗe notin fitar da iska in motarka na da shi, kunna hita zuwa ƙarshe, ka bar inji yana aiki murfi a buɗe har tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, ya buɗe, wajen digiri 82 zuwa 90 a yawancin motoci. Za ka ji tiyon da yake da sanyi ya ɗauki zafi, ruwan ya faɗa, sai ka ƙara, ka rufe, ka jira fanka ta tashi ta tsaya. Ko makanike mai gaggawa yakan tsallake wannan, to ko shi ya yi ka tsaya ka gani. Kada kuma ka yarda a cire maka tamostat a ce maganin zafi ne, ko a cika maka da ruwa zalla, wanda ke kawo tsatsa ya toshe siraran hanyoyin sabon lagireton.

Game da liƙe ɓular maimakon canza lagireton: tsofaffin lagireto na tagulla suna karɓar dalma su yi shekaru. Naka na alminiyom ne mai kan roba, kuma robar da zafi ya gasa har ta tsage a wuri ɗaya ta gaji a ko'ina. Gam zai kai ka gida ne kawai.

Da ni ne kai, zan raba aikin biyu. In kai wa makanike ya gwada matsi ya tabbatar lagireton ne kaɗai. In haka ne, kuma allurar ba ta taɓa kai wa ja ba, in sayo wanda lambarsa ta dace da motar, in haɗa da sabon murfi mai matsi irin na tsohon, in ɗaura da kaina. Washegari da safe, kafin in tayar da inji, in sake duba ruwan, in leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo.