Garejin Ajiyar Mota Mai Ɗakin Kwana a Kaduna: Yadda Aikinsu Yake

Motocin da aka mayar da cikinsu ɗakin kwana ba su da yawa a Kaduna, kuma galibinsu bas ce ƙirar Toyota Hiace da aka cire wa kujeru aka saka gado da ƙaramin firji da tukunyar gas. Irin wannan mota ba ta fita sai da hutun makaranta ko na Sallah, kuma a dogon zaman da take yi ne ta fi lalacewa. Wannan ne ya sa na kai tawa wani gareji a wajejen Kakuri, inda ake karɓar ajiyar motoci ana biya wata-wata.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda suke kula da batir. Motar tana da batir biyu, na tayar da inji da na ɗaki wanda ke ciyar da firji da fitilu, kuma ko an kashe komai, rediyo da na'urar kare sata suna ci gaba da tsotsar wuta a hankali. Makanikin wurin yakan ɗora mita a kan kowane batir ya rubuta abin da ya gani a wani kati da ya rataye a sitiyari. Batir mai ruwa da cajinsa ya cika yakan nuna volt 12.6, idan kuwa ya daɗe a ƙasa da 12.4, gishirin acid yana daskarewa a jikin farantan cikinsa, har ya kai ga ba ya riƙe caji. Saboda yawan ɗauke wuta, sun ɗora ƙananan farantan sola a kan rumfa, kowanne da na'urar da ke daidaita caji don kada batir ya tafasa, kuma ruwan batir na gaske suke ƙarawa, ba ruwan famfo ba.

Shawarwarin da ake karantawa a intanet yawanci na Turai da Amurka ne, inda ake zubar da ruwan tanki da na bututu kafin sanyi, domin ruwa yana kumbura idan ya zama ƙanƙara ya fasa bututun. Hunturun Kaduna bai kai nan ba. Matsalarmu ita ce ƙurar Disamba da Janairu da ke rufe farantin sola har cajin ya ragu, da zafin Maris da Afrilu da ke sa batir ya sauke da sauri ya kuma ƙafar da ruwansa. Mutanen garejin sun fahimci wannan, domin na tarar da wani yaro yana bin farantan da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe. Tankin ruwa ma suna zubar da shi, amma don gudun gansakuka da wari.

Inda suka gaza shi ne taya da ɓera. Ba sa gusar da mota daga inda aka tsayar da ita, alhali nauyi a wuri ɗaya yana sa taya ta kwanta ta gefe guda, sai mutum ya ji sitiyari yana rawa idan ya hau titi. Bayan rumfar kuma akwai ciyawa, kuma na ga kashin ɓera a kan murfin batir, wanda ba ƙaramin abin tsoro ba ne ga mai mota cike da wayoyi. Da na yi magana, manajan ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, za a sa magani," kuma an sa, sai dai bai kamata a jira mai mota ya nuna ba.

Kuɗinsu ba araha ba ne, amma na fi son biyansa a kan sayen sabon batir duk shekara. Wanda zai kai motarsa ya rufe tukunyar gas da hannunsa, ya bar ƙofar firji a buɗe kaɗan, ya kwashe duk wani abinci, sannan ya sa a rubuta masa a takardar yarjejeniya cewa za a riƙa gusar da motar da duba iskar taya kowane wata.