Kafin ka sayi na'urar haƙar Bitcoin, fara duba soket ɗin ɗakinka

Wani ƙanena da ke Tunfure a Gombe ya turo mini hotunan na'urori uku na haƙar Bitcoin, wato na'urorin da ke aikin lissafi don a biya mai su lada da wannan kuɗin na intanet, ya ce, "Yaya, wacce zan saya?" Duk lissafinsa a kan ribar da za ta shigo yake. Ni kuwa tambayar da na yi masa ita ce: wace irin waya aka ja a ɗakin da za ka ajiye ta? Bai sani ba, kuma yawancin masu shirin sayen nan ba su sani ba.

Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi yana da fiyus na amp 13, wato iyakarsa wat 3,000 ko ƙasa kaɗan. Wannan ma na ɗan lokaci ne, kamar dutsen guga da ke kamawa yana saki. Na'urar haƙa ba ta saki, dare da rana take ja. Shi ya sa masu aikin wayarin ke cewa kayan da ba a kashewa kada ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin layi. A soket na yau da kullum, wajen amp 10 ke nan, wat 2,400.

To, ɗauki babbar, wadda ƙanen nawa ya fi kwaɗayi: Antminer S19 Pro. Tana jan wat 3,250, kimanin amp 14. Tun nan ta fi ƙarfin soket ɗin bango. Sabuwarta, S21, wat 3,500 take ja. Ga kuma abin da masu sayarwa ba sa faɗa: idan wuta ta yi rauni, kamar yadda take yi da magariba a unguwanni masu cunkoso, na'urar ƙara jan amp take yi don ta cike gurbi. A bolt 200, S19 Pro ta haura amp 16, ƙasa da haka kuma sai ta mutu. Wayar da ke cikin bango ita ke shan wahalar. Tana ɗumi, robarta tana taurarewa, bakin soket yana baƙi, kai kuma kana barci da iyalinka. Wannan ne ya fi damuna, domin kasuwa cike take da wayar da aka rubuta 2.5 a jikinta alhali jan ƙarfen cikinta bai kai ba.

Duk mai son irin wannan sai ya ja mata layinta ita kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta: waya mai milimita 4 ta jan ƙarfe na gaske, bireka ta amp 20, makunni irin na esi, da wayar ƙasa mai kyau. Ƙwararren mai wayarin zai yi, ba yaron da ke gyara fanka ba. Kada a kuskura a sa ta a ekistenshin. A kuma tambayi mai wayarin ko mitar gidan za ta ɗauke ta tare da firji, famfon tura ruwa da hita.

Ko layin ya yi daidai, akwai kuɗin wuta. S19 Pro yunit 78 take ci a rana. Da farashin tsakiyar 2024 na rukunin A, wato masu samun wuta awa 20 a rana, naira 209.5 kowane yunit, ya haura naira 16,000 kullum, kusan rabin miliyan a wata. A shekarar ne kuma, cikin Afrilu, ladan haƙar Bitcoin ya ragu da rabi zuwa Bitcoin 3.125. Mai tunanin zagaye mita ya sani laifi ne a doka, kuma haƙƙin jama'a ne. Janareta ba ta cikin zance, man ya cinye komai. Sola kuwa, yunit 78 na bukatar faranti wajen 30 masu wat 550, ban da tulin batir na dare. Sannan ƙararta ta kai desibel 75, kuma duk wutar da ta ci zafi take komawa, a garin da Maris da Afrilu ke taɓa digiri 40. Ƙurar hunturu ma tana toshe mata fanka.

Ta biyun tsohuwar S9 ce, samfurin 2016, wadda ake sayarwa da araha. Wat 1,350 take ja, kusan amp 6, soket mai lafiya zai ɗauke ta idan ita kaɗai ce a kai. Amma a kan aiki iri ɗaya tana cin wuta ninki uku na S19 Pro. Ban ba kowa shawararta ba. Haka masu tallar kwamfuta mai katin hoto don haƙar Ethereum, wani kuɗin intanet irin Bitcoin: an daina haƙarta tun Satumban 2022.

Ta ukun ita na ce ya saya, in dai koyo yake so. Ƙananan na'urori irin Bitaxe, mai jan ƙasa da wat 20, ko Avalon Nano 3 mai wat 140. Kowane soket zai ɗauke su, ƙaramar inbata da batir ɗaya za su riƙe su idan an ɗauke wuta, ba sa hana kowa barci. Na faɗa masa gaskiya cewa abin da za su kawo kaɗan ne ƙwarai, ba za su ciyar da gida ba. Sai dai zai koyi yadda ake haɗa na'ura da rukunin masu haƙa, ya ga yadda lada ke shigowa, ya auna da idonsa awa nawa unguwarsu ke samun wuta a wata.

Babbar kuma na ce ya dakata sai ya sami shago ko ɗaki da ke nesa da wurin kwana, a kan layin da ke samun wuta awa 20. Ranar Asabar mai wayarin zai je gidansa ya buɗe soket ɗin, mu ga wayar da ke ciki.