Na sayi ɗaki a Dubai da kuɗɗin albasa da shinkafa, ga yadda ta kaya

Assalamu alaikum. Tun da anka ji labarin na sayi wuri a Dubai mutane ke tare ni, a kasuwa, bakin masallaci, wasu ta WhatsApp cikin dare, kuma tambayar guda ce, Alhaji yaya abin yake, in shiga ko kar in shiga? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu shi ya sa nic ce bari in zauna in faɗi komai, mai daɗin da marar daɗin, don akwai waɗanda nig ga sun fara tara kuɗɗi kuma abin da anka gaya masu rabin magana ne.

Ni ɗan Jega ne, sana'ata albasa da shinkafa, ina saye Aliero da Suru in loda zuwa kudu. Da ina ɗan leƙawa Dubai sau ɗaya ko biyu a shekara sarin kayan waya ma ƙanena da ke da shago Birnin Kebbi. Can Deira, unguwar Dubai inda mutanenmu ke sauka, nih haɗu da wani ejan, yaro mai fara'a yana jin Hausa raɗau, shi yak kai ni ofishin wani kamfanin gine-gine a watan Maris na 2022. Ginin ba a yi shi ba tukun, rami kawai anka haƙa a unguwar da suke ce ma JVC, amma sun shirya ɗaki na gwaji da gado da labule da komai, ka shiga sanyi na bugunka. Ɗaki guda ne da ɗan kicin da banɗaki, su sitidiyo suke ce mai. Kuɗɗinai dirhami 480,000. Za ka ba da kashi 20 cikin 100 a farko, kashi 40 a hankali duk wata uku har a gama gini, sauran 40 bayan an ba ka makulli cikin shekara uku. Babu ruwa ko kwabo a kai, kuma gaskiya wannan shi yaj ja ni, don ni ba ni taɓa bashin banki mai riba. Lokacin dirhami na wajen naira 160 hannun 'yan canji, na buga lissafi nig ga duk wata uku naira miliyan 3.8 da ɗan wani abu, nic ce wannan ai lodi biyu masu kyau ne.

Bari in fara da abin da ya burge ni don hakki ne in faɗa. Maganar takarda a ƙasar ga ba wasa. Tun 2002 sunka buɗe ma baƙi damar mallakar gida a wasu unguwanni da anka ware, ba ko'ina ba, kuma mallaka ce ta har abada ba irin C of O namu mai shekara 99 ba. Akwai hukumar ƙasa ta Dubai, DLD, ita ke rajistar komai. Gidan da ba a gama ba akwai rajistar wucin gadi da suke ce ma Oqood, da ta fito nig ga sunana da lambar fasfona da lambar ɗakin, kuma ina iya duba ta cikin manhajar Dubai REST ina zaune Jega, har kashi nawa ginin ya kai ana nunawa. Sannan dokarsu ta 2007 ta ce kuɗɗin masu saye ba aljihun kamfani za su ba, asusun amana na wannan ginin kaɗai za su shiga, kamfani na cira gwargwadon aikin da yay yi. Duk wanda ya taɓa sayen fili a nan gida ya je zai sa harsashi ya tarar da wani ya riga shi da tashi takardar, zai gane abin da nike nufi. Ni an taɓa yi mani hakanga shekaru da sunka wuce, har gaban mai unguwa munka je, don haka wanga tsari ya kwanta mani ƙwarai.

To amma ko nan sai da anka so a karkatar da ni. Ejan ɗin yac ce, Alhaji ai turawa ta banki wahala ce, ka ba ɗan canji naira a gida ya ba ni dirhami nan ni in kai. Na ƙiya. Na ce lambar asusun amanar da ke cikin kwangila ita kaɗai nis sani, kuma duk biya sai na ga rasit na kamfani da sunana. Ya ɗan ɓata rai amma ya bari. Bankin ma sai da sunka nemi in nuna inda kuɗɗin sunka fito, takardar rajistar kasuwanci da bayanan asusu na watanni, wanda duk cinikinai a hannu yake yi zai sha wuya nan.

Kuɗɗin rajista kashi 4 cikin 100 ne na farashin gida, nawa ya kama dirhami 19,200, ban da ƴan kuɗin ofis. Ba a gaya mani ba sai da nis sa hannu ga takardar kamun ɗaki. Da niy yi magana yac ce ai kowa ya san wannan. Ni ban sani ba. Kuma daga baya nig gane abin da ya kamata in gane tun ranar farko, a irin wanga ciniki ba ni ke biyan ejan kamasho ba, kamfanin ke biyanai. To wanda wani ke biya, wa yake ma aiki? Duk kiran safe da yamma da Alhaji ya iyali, ya Inna, daga ranar da kuɗɗin farko sunka shiga ya fara raguwa, bayan wata shida sai in tura saƙo kwana huɗu kafin amsa.

Yanzu ga asalin inda abin yake, naira. Dirhami a ɗaure yake da dala, dala ɗaya dirhami 3.67, ba ya motsi. Ni kuwa naira nike samu. Biya huɗu na farko lafiya lau, duk da farkon 2023 canjin kuɗi ya tsaida kasuwa cik, manomi ba ya karɓar tiransifa kai kuma ba ka da takarda a hannu. Sai watan Yuni 2023 anka saki naira. Sai juyin mulkin Nijar a ƙarshen Yuli, anka rufe boda, hanyar Kamba da muke samun ciniki ta mutu. Kaya ba su tahiya yadda anka saba, man fetur ya tashi kuɗin lodi ya tashi, dala kuma kullum ka kira ɗan canji sai ya ba ka sabon farashi, da safe daban da la'asar daban. A Fabrairu 2024 ta haura 1,800 a kasuwar bayan fage. Dirhami 24,000 ɗin nan da nike saye ƙasa da miliyan 4, na watan Maris 2024 sai da ya ci mani sama da miliyan 10. Kamfani bai ƙara mani ko dirhami ɗaya ba, kwangila na nan yadda take, amma bashin da ke kaina ya kusa ninkawa uku ina zaune ɗakina.

Wannan watan ban yi barcin kirki ba wallahi. Na je wajen yayana da dare nic ce Yaya ina ganin zan haƙura da gidan ga, su maido mani abin da nib biya. Yac ce ka tambayi lauya tukun kafin ka buɗe baki da su. Munka samu wani lauya can ta hannun wani ɗan garinmu, ya yi mani bayani a waya. In mai saye ya kasa biya kamfani zai kai ƙara DLD, a ba ka kwana 30. In ba ka biya ba, kuma gini ya wuce kashi 60, kamfani na iya soke cinikin ya riƙe har kashi 40 na farashin gidan, ba na abin da kab biya ba, na farashin gaba ɗaya. In gini bai kai 60 ba har kashi 25. Namu ya wuce 60. Ke nan cikin dirhami 264,000 da niz zuba suna iya riƙe 192,000. Wanga magana tana cikin kwangilar da nis sa ma hannu, shafi sama da arba'in da Turanci da Larabci, ban ba kowa ya karanta mani ba, kuma ejan bai taɓa ko kusa da ita ba.

Sai na saida filina na Gesse a Birnin Kebbi wanda nike ajiye ma yara, sannan albasar da na saba zubawa rudu in jira tsada na fidda ta tun da kaka a farashin banza. Uwargida ba ta ce komai ba ranar da anka zo auna filin amma na ga fuskarta. Har yau abin na damuna.

Sai maganar biza, wadda ita ce ƙarya mafi girma da anka yi mani, ko in ce anka bari nif fahimta ba daidai ba. Yac ce Alhaji mai gida a Dubai ai ba ya neman biza. A lokacin sai gida ya kai dirhami 750,000 ake ba da izinin zama, na shekara 10 kuwa daga Oktoba 2022 sai miliyan 2. Nawa bai kai ko na farkon ba. Ga shi a watan Oktoba 2022 sunka daina ba 'yan Najeriya biza gaba ɗaya, Emirates mai jiragen sama ma ta daina zuwa saboda kuɗɗinta da sunka maƙale a nan. Ba a buɗe ba sai 15 ga Yuli 2024, jirgin kuma ya dawo Legas 1 ga Oktoba. Kusan shekara biyu ina tura miliyoyi ga ginin da ba ni da ikon zuwa in gani da idona. Da anka yi ruwan nan mai ƙarfi a Dubai a watan Afrilu 2024 muna ganin bidiyon motoci cikin ruwa a Facebook, na kira ejan ya fi sau goma bai ɗauka ba, sai wani yaron Argungu mai aiki Deira niy roƙa ya hau mota ya je ya ɗauko mani hoto.

Sun ce makulli watan Yuni 2024, ba a ba da ba sai farkon 2025, kuma ba ka da bakin magana don kwangila ta ba su ƙarin wata 12. Na tahi da kaina ta Addis Ababa. Ɗakin ya yi kyau ba laifi, lif na aiki, akwai masu gadi, ruwa da wuta ba yankewa. Amma ya fi na gwajin ƙanƙanta a ido, ƙofar banɗaki ba ta rufuwa, ƙarƙashin wurin wanke kwanoni na yoyo, tayil biyu sun tsage. Na rubuta duka da hoto nib ba su, cikin sati uku sunka gyara ba su karɓi komai ba, don doka ta ɗora ma kamfani gyaran kayan wuta da famfo shekara 1, ginin kanshi kuma shekara 10. Nan na yaba masu. Takardar mallaka ta fito da sunana amma da alamar kamfani na bina, ba ni iya saidawa sai da amincewarsu.

Haya kuma, cewa yay yi ita za ta biya sauran kashi 40 ɗin ba sai na sa hannu aljihu ba. Ga lissafin gaskiya. Na samu ɗan haya a dirhami 45,000 a shekara, cak huɗu, anka yi rajistar haya da suke ce ma Ejari, shi ke biyan wuta da ruwa ga hukumarsu DEWA. Cikin wannan kuɗin hidimar gini da ake caji kan kowace ƙafa ya ci wajen 6,000, kuma wannan ko da mutum ciki ko babu sai ka biya duk shekara. Kamfanin da ke kula mani da ɗakin, tunda ni ba mazauni ba ne buɗe asusun banki ya gagara, su ma suna cire nasu. Abin da ke saura wajen 36,000. Bashin kuwa 64,000 a shekara. Ke nan duk shekara sai na cika kusan 28,000 daga Jega. Kuma ɗan haya can ba a tada shi yadda anka ga dama, ko saidawa za ka yi sai ka ba shi sanarwar wata 12 a hukumance, ƙarin haya ma akwai ma'aunin da hukuma ta aje.

Abu guda da ya tsaya mani a rai shi ne mutuwa. In na faɗi yau wa ya san hanyar wurin ga? Inna ta tsufa, yara ƙanana, uwargida ba ta taɓa hawa jirgi ba sai na Hajji. Na kwafi takardun duka na ba Yaya, na zaunar da uwargida na nuna mata lambar ɗakin da sunan unguwa da sauran bashi. Na kuma tambayi malaminmu kan zakka yac ce tunda na haya ne ba na sayarwa ba, ba kan ƙimar ɗakin take ba, kan kuɗɗin hayar ne in sun kai nisabi shekara ta zagayo.

In za a ce in ba da maki, tsarin rajista da asusun amana na ba su tara cikin goma. Kamfanin gini shida, sun makara amma sun gama sun kuma gyara. Ejan biyu, kuma biyun don bai gudu da kuɗɗina ba ne. Ba ni ƙaryar cewa asara niy yi, abin da niz zuba kafin Yuni 2023 da a ce a naira nib bar shi da ya narke, yau ɗakin in an juya shi naira kuɗɗi ne masu yawa. Amma biya a hankali da dirhami ga mutumin da albasa ke ba shi naira, ni dai ban sake yi, ko da ɗana ya zo da maganar zan hana shi. Wanda ke da kuɗɗin a hannu cikakku, ko cinikinai da dala yake, ya sayi wanda anka gama ginawa ya shiga ya taka da ƙafarshi, ya biya lauyan da shi ya ɗauko ya karanta mai kwangila shafi-shafi, wannan maganarshi daban.

Saura dirhami 144,000 ke kaina. Na gaba 16,000 ne, kuma tun yanzu na fara saye kaɗan-kaɗan wajen ɗan canji duk ranar da lodi ya sauka lafiya, ba ni jira sai sati na ƙarshe kamar da.